Hujin saman kunne: yaushe zan iya canza barima?

Autar Mama:
Salam 'yan uwa. Sati bakwai ke nan da na yi huji biyu rana ɗaya, ɗaya a fatar kunne ta ƙasa, ɗaya can sama wajen guringuntsi. Na ƙasan ya lafa, ba zafi ba komai. Na saman kuma idan na kwanta a kansa sai na ji tsuk, da safe in ga ɗan ɓawo fari-fari a bayan barimar. Yayata ta ba ni wasu 'yan kunne masu kyau, wallahi har na ƙagu in saka. Na cire duka biyun ko in dakata?

Maman Biyu:
Ƙanwata, na ƙasan kina dab da kaiwa, fatar nan sati 6 zuwa 8 take ɗauka. Amma na saman ki sa masa ido kawai. Guringuntsi jini ba ya isa gare shi sosai, shi ya sa yake kai wata 6, wani ma har shekara. Huji kuma daga baki yake fara warkewa, sai ki ga waje ya bushe alhali ciki ɗanye ne sharaf. Ni gaggawa na yi a wata na biyu, da na zare sai sabon ya ƙi shiga, na yi ta lalube har jini ya fito. Washegari kunnen ya kumbura, daga baya wani ƙullutu ya tsiro a bayansa, sai da na yi watanni ina fama. Tunda har kina ganin ɓawo kuma yana zafi, bai warke ba.

Anti Nas:
Kada ki riƙa murza shi, kuma ki bar goga sifirit, yana ƙona sabuwar fatar. Ruwan gishiri na wankin ciwo, mai gishiri kashi 0.9 cikin ɗari, sau biyu a rana ya isa. 'Yan kunnen da aka ba ki, da me aka yi su? Masu nikel su ne ke jawo ƙaiƙayi. Titaniyom ko zinare daga karat 14 sun fi. Idan kika ga mugunya, ko wurin ya yi ja yana huci, kada ki cire da kanki, hujin zai iya toshewa da ciwon a ciki. Ki ga likita.

Autar Mama:
Na gode Anti. Ban ma san da me aka yi su ba, bari in tambayi Yaya tukuna. Na saman dai na ƙyale shi.