Wonton ɗina ya ƙi yin ƙarau, don Allah a taimaka

Maman yara:
Salam 'yan uwa, jiya na gwada wonton ɗin nan na 'yan China, wanda ake naɗe nama a siririn ɓawon kwaɓin fulawa a soya, na san su da naman alade suke yi ni kuma da niƙaƙƙen naman kaza na yi, amma wallahi ya sha mai ya yi laushi, guda huɗu ma sun fashe a kasko nama ya watse. Ina matsalar take?

Ɗalibi a Guangzhou, China:
Hajiya man ki ne bai yi zafi ba. Ki bari ya kai kamar digiri 175 a ma'aunin Celsius, in ba ki da abin aunawa ki jefa gutsuren ɓawon, in ya taso nan take yana kumfa to ya yi. Biyar biyar za ki riƙa zubawa kar ki cika kaskon don kar man ya huce, minti 2 zuwa 3 ya isa. Kuma kaza ba matsala, musulman China ma da naman sa ko na rago suke yi.

Antin kicin:
Fashewar nan ƙanwata cusa nama kika yi da yawa, ƙaramin cokali ɗaya ya wadatar, ki shafa ruwa a bakin ɓawon ki danne sosai iska ta fita, sauran kuma ki rufe da tsumma mai danshi don saurin bushewa gare shi. Ni ina sa citta, tafarnuwa, ganyen albasa da ɗan man riɗi, ƙamshin har waje.

Maman yara:
Na gode Anti, Allah ya saka. Gaskiya cokali biyu nake zubawa, gobe zan sake.