Neman shawara: kan jirgin Garratt da na kasa samu a ma'aunin TT

Mai neman shawara:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Shekara uku ke nan ina haɗa ƙaramin samfurin layin dogo a kan allo a ma'aunin TT, wato 1:120 na girman jirgin gaske, a kan dogo mai faɗin milimita 12. Da ma'aunin HO na fara, wato 1:87, wanda ya fi TT girma, amma ɗakin ya yi mini kaɗan, na koma ma'aunin N, wanda ya fi TT ƙanƙanta, sai idanuna suka gaza, domin duk lokacin da tarago ya sauka daga dogo sai na nemi tabarau da fitila kafin in mayar da ƙafafunsa. TT ne ya raba mini gardama. Allona santimita 240 ne da 120, na gina tasha da rumbun kaya da gada mai baka uku, wadda ita kaɗai ta ci mini wata biyar saboda dutse ɗaya-ɗaya na riƙa yi wa fenti.

Abin da ya hana ni sukuni shi ne kan jirgin Garratt aji na 59 na Gabashin Afirka, wanda kamfanin Beyer, Peacock ya ƙera a Mancesta tun daga 1955, guda 34, masu jan kaya tsakanin Mombasa da Nairobi. Tunda na ga hoton mai lamba 5918, mai suna Mount Gelai, da jan fentinsa, komai na kan allona ya fita daga raina. Na bincika iyakar iyawata ban samu wanda ya yi shi a TT ba. In jira, ko in canza ma'auni, ko akwai wata dabara?

Dattijon HO:
Wa alaikumus salam. Ɗana, ka cire jira daga lissafinka. Kafin kamfani ya fitar da sabon kan jirgi sai ya sassaƙa mazubin ƙarfe mai tsadar gaske, kuma ba zai yi haka ba sai ya tabbata masu saye za su mayar masa da kuɗinsa. Garratt injina biyu ne da tukunyar tururi rataye a tsakaninsu, ga ƙafafun ja goma sha shida, aikinsa kusan ninki biyu ne. Kamfanin Tillig jiragen Jamus da maƙwabtanta ya fi yi, kamfanin Hornby kuma da ya shigo TT a 2022 jiragen Birtaniya ya sa a gaba.

Akwai kuma abin da ba ka lura da shi ba. Aji na 59 a kan dogo mai faɗin mita ɗaya ya yi aiki, alhali milimita 12 a ma'aunin 1:120 dogo mai milimita 1435 yake wakilta. Ko an yi maka shi yau, ba a kan dogonka zai hau ba. Amma milimita 12 ɗin nan ita ce ake wakiltar dogon mita ɗaya da ita a ma'aunin 1:87, wanda ake kira HOm, irin wanda kamfanin Bemo ke yi wa jiragen Suwizalan. Ka riƙe faɗin dogonka, ka cire gine-ginen, ka sake su a 1:87. Hanyar ke nan, babu ta biyu.

Mai jiran gawon shanu:
A kan jira dai Baba ya yi gaskiya. Wani kamfani ya taɓa sanar da kan jirgin dizal da na daɗe ina fata a N, na ba da kafin alƙalami, na sayi taragu goma sha biyu da za su dace da shi, na jera su a kwali. Shekara huɗu ana ɗaga rana, daga ƙarshe aka aiko cewa masu oda ba su kai adadin da ake so ba. An dawo mini da kuɗina, amma taragun suna nan ba su taɓa zagaya allo ba, kuma har yau in na buɗe kwalin sai raina ya ɓaci. Mu masu N ma ba a cika tunawa da mu sai an gama da masu HO.

Mai buga 3D:
Da girmamawa, Baba, ban ga dalilin rushe aikin shekara uku ba. A 1:120, mita ɗaya milimita 8.3 ce, don haka dogon N mai milimita 9 ya wadatar, kuma masu TT sun saba yin haka. Yaya, ka shimfiɗa ƙaramin layi na milimita 9 a gefe, ka sayi kan jirgi biyu na N masu tsarin 2-8-2, wato ƙafafun ja takwas a tsakiya da ƙanana bibbiyu gaba da baya, irin Mikado na kamfanin Kato, ka ɗauki ƙasansu mai mota da ƙafafu, a buga maka gangar jikin da na'urar 3D. Wahalar tana wajen daidaita gudun motocin biyu, domin in ɗaya ya fi ɗaya sauri, ja da turi za su fitar da shi daga dogo a kwana ta farko.

Mai neman shawara:
Na gode muku duka. Amma Baba, gadar nan ba zan iya cire ta ba, kuma jirgin da ya haura mita 31 zai kai santimita 36 a 1:87, girman da na guda tun farko ke nan, alhali a TT kimanin 26 ne kawai. Ƙanena, dogon N kuma shi ne ya gajiyar da idanuna. Ni da za a buga mini shi a kan milimita 12, ko da faɗin bai yi daidai da na asali ba, zan karɓa, tunda masu ma'aunin OO ma suna tafiyar da 1:76 a kan milimita 16.5 ba tare da damuwa ba.

Dattijon HO:
Masu OO dogonsu ƙanƙanta ya yi, naka kuwa faɗi zai yi da kusan rabi, kuma kyan Garratt na Gabashin Afirka shi ne ƙatuwar tukunya a kan siririn dogo. In ka buɗa ƙafafunsa, wani jirgi ka yi, ba Mount Gelai ba. Shekara talatin ina wannan harka, na ga masu irin wannan gyara da yawa, ƙarshenta a kan kanta suke ajiye shi.

Mai buga 3D:
A milimita 12 sai an nemo ƙasan kan jirgin TT mai gatari huɗu guda biyu, aikin ya sake salo ke nan. Yaya, har yanzu ba ka faɗa mana tsananin kwana-kwanar layinka ba, kuma dogon naka ka riga ka manne shi da gam ne ko da ƙusa kawai ka kafa shi?