Bindiga Mai Cin Shida, Harbi Sha Uku

Auta ne ya turo mana dogon bidiyo jiya da dare. An harhaɗa guntayen tsofaffin finafinan kaboyi na Amurka, masu fari da baƙi, na wajen 1935 zuwa 1950, irin waɗanda kamfanoni kamar Republic da Monogram ke yi da ɗan kuɗi kaɗan. Baffa ya kafa doka: ba mai tofa albarkacin bakinsa sai da waƙa, kuma kowane baiti ya sauka a kan "wa".

Baffa na Fagge:

Bismillahi, na buɗe waya da dare,
Ƙurar dawaki ta taso ta tare,
Na ga kaina yaro, aljihu a ƙare,
Sisin abincin rana a haɓar riga a ɗaure,
Silimar Plaza na nufa, an aike ni kasuwa.

Mai farar malafa shi ne namu,
Mai baƙa da gashin baki abokin gabarmu,
Turancin ba ya shiga kunnenmu,
Amma in an naushi bos, to ihunmu
Har Sabon Gari ana jiyowa.

Auta:

Baffa, Allah ya ja kwana, na ƙirga,
Shida ne gidan harsashi a bindiga,
Sha uku ya harba yana daga taga,
Bai sake ɗuri ba, kai ma ka ga,
Lissafin ya fi ƙarfin ƙwaƙwalwa.

An karya tebur, an farfasa kujera,
An birgima a ƙasa an ta da ƙura,
Malafarsa na kai, ko ɗan gyara,
Riga fes, ko maɓalli bai zara,
Kamar mai zuwa ɗaurin auren ƙanwa.

Dutsen nan guda, sau bakwai na gan shi,
An ce Texas, an ce iyakar Meziko, duk shi,
An ce dare ne, ga inuwar dokinshi
Shimfiɗe a ƙasa, rana na dukanshi,
Baffa, wannan kuka kwana kuna yabawa?

Malam na Makaranta:

Auta, zauna ka ji dalili, ɗana,
Fim ɗin sa'a guda, a ɗauke shi a kwana
Shida ko bakwai, ba hutu ba magana,
Ba kuɗin jiran dare, sai a dushe rana
Da gilashi mai duhu, a ci gaba da ɗaukawa.

Dutsen da ka ƙirga yana Kalifoniya,
Lone Pine, nan kowa ke zuwa ya tsaya,
John Wayne ma a irinsu ya sha wuya,
Shekaru yana ƙananan fim ɗaya bayan ɗaya,
Sai a 1939, da fim ɗin Stagecoach, ya soma haskawa.

Baffa kuma, gafara dai, akwai gyara,
Hopalong Cassidy baƙi yake ɗaura,
Dokinsa fari, sumarsa furfura,
Fim 66 yana akta, mugu yake kora,
Baƙar malafa ba kullum ta bos ba ce kuwa.

Gwaggo:

Ku kuka je, mu muna cikin gida,
Mace a silima ai ta saɓa al'ada,
Yaya, ka dawo ka hau turmi kana faɗa,
Ka kwance igiyar guga ka murɗa,
Ka zargo akuyar Inna har tana shaƙewa.

Ni ka mai da 'yar Indiyawan Amurka, kai ne jarumi,
Ka ce in faɗi matacciya bayan turmi,
Yau na sa tabarau na kalla, na yi tagumi,
Mai ƙasa shi aka mai da azzalumi,
Baƙo ya ƙwace gona, ku kuna tafawa.

Surukinmu na Maraɗi:

Gwaggo, na durƙusa, gaskiya ce taki,
Mu ma a Nijar mun hau namu doki,
A 1966 Moustapha Alassane ya shirya fim, ya yi aiki,
A ciki saurayi ya dawo daga Amurka da tsarabar mamaki,
Malafa da bindiga, abokai yake rabawa.

Suka sa, suka hau, suka addabi gari,
Da sata da dambe, suka zama haɗari,
Zalika Souley na cikinsu tun fari,
Don ta fito a fim ta sha gori,
Da kin gan ta, Gwaggo, da kin yi guɗa da rawa.

Baffa na Fagge:

Auta, ƙirgarka daidai, ban musa ba,
Amma ɗan wasan kasada Yakima Canutt ba ka ƙirga ba,
Ya faɗa tsakanin dawaki, ba su tsaya ba,
Keken doki ya bi ta kansa, bai taka shi ba,
Naku na yau kwamfuta ke zanawa.

Ƙanwata, kin ɗaure ni, ba ni da ta cewa.

Silimar ba rufi, ga taurari a sama,
Fim ya tsinke, fito ya tashi, a yi ta rigima,
Hadari ya haɗo, mu ce sai an gama,
Ni da aminina benci guda, gyaɗar kwabo ma
Sai mun ƙirga ta ɗai-ɗai wajen rabawa.

Shi ke fassara mana Turanci,
Shi da bai taɓa zama aji kan benci,
Akta ya buɗe baki, ya ce "wai a kawo abinci",
Bara waccan muka kai shi makwanci,
Jiya muryarsa ce ta hana ni barci,
Allah jiƙan maza, ya sa can ta fi nan yalwa.

Auta:

Amin, Baffa, Allah ya kai rahama kabari,
Na mayar da shi baya na kalla daga fari,
Sha huɗu ne ashe, na yi kuskuren ƙidayawa.

Gwaggo:

Amin. Amma Yaya, kada hawaye su rufe batu,
Akuyar nan kwana uku ko dusa ba ta ci ba, ta ƙi ɗaguwa ta ƙi tafiyatu,
Kai ka haura katanga, ni Inna ta ritsa a ɗakin karatu,
Bulala biyar na sha, bashin na nan a rubutu,
Kazar Sallah biyu, ko mu haɗu gaban Malam ranar biyawa.