Motata tana ɗigar da baƙin mai, ta ina zan fara?

Mai tambaya, Unguwar Rimi, Kaduna: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah ku taimaka mini da shawara. Corolla gare ni ƙirar 2005, da ita nake kai yara makaranta, ranar Asabar kuma in je Zariya gaida Hajiya. Yau mako uku, kullum da safe sai na tarar da ɗigon baƙin mai a inda ta kwana, faɗinsa kamar murfin kofi. In cunkoson Kawo ya riƙe ni, sai ƙauri ya riƙa shigowa har ciki. Jiya na zaro geji, mai ya sauko tsakiya, alhali ban fi wata guda da yin juye ba. Garejin da na je, bonet kawai aka ɗaga aka ce sai an sauke inji. Wallahi ba ni da wannan kuɗin yanzu. Akwai abin da zan iya dubawa da kaina a gida?

Wani bakanike, Fanteka: Wa alaikumus salam Malam. Kada ka yarda a sauke maka inji tun ba a ga bakin da man yake fita ba. Shi mai gangarowa yake, inda ya ɗiga ba nan ya fito ba.

Bari inji ya huce, ka sa tsumma da kananzir ka goge shi tas, amma kada ka kwarara ruwa a kan wayoyi. Shimfiɗa kwali a ƙasa ta kwana. Da safe duba launin ɗigon: baƙi ko ruwan ƙasa na inji ne, ja kuwa na giya ne in motar otomatik ce. Sai ka tayar da ita minti 10, ka kashe, ka ɗauki tocila ka bi daga sama zuwa ƙasa. Wurin da ya fi kowane tsayi da ka ga danshi, nan ne asalin ciwon. In ka kasa gani, barbaɗa hoda, man zai ja layi a kanta.

Wannan ƙaurin da ka ambata shi ya sa nake zargin gaskit ɗin murfin saman inji. Robar ce take bushewa da zafi har ta tsage, kuma a injin Corolla ɗinku salansa ta baya take fitowa, man yana sauka a kanta ya ƙone. Can baya ta gefen sarƙar taimin akwai tenshona, wato abin da ke ɗame sarƙar, mai ƙaramar robar zobe, ita ma ta saba yoyo a wannan inji. Kai hannu ka taɓa wurin.

Wani direban haya, layin Kano: Oga ka zuba mata mai 20W-50 kawai, kauri gare shi, ɗigon zai ragu. Haka nake yi wa tawa.

Bakaniken Fanteka: A'a Alhaji, kaurin mai ba ya ɗinke robar da ta tsage. Kamfani 5W-30 ya rubuta wa wannan inji.

Wata 'yar'uwa, Barnawa: Yaya, tunda bayan juye abin ya fara, ka fara da filta da notin juye. Ya taɓa faruwa da ni, tsohuwar robar filta ta maƙale a jikin inji aka ɗaura sabuwa a kanta. Washar notin ma, wato ɗan zoben da ake sa wa notin, canza ta ake yi. Kuma don Allah kada ka shiga ƙarƙashin mota tana kan jak kaɗai, ka sa mata abin tokare mai ƙarfi a ƙasa mai tauri. In jar fitilar mai ta kama kana tafiya, tsaya ka kashe nan take, ko a tsakiyar hanyar Zariya ne.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na yi yadda kuka ce. Filta da noti a bushe suke. Hodar ce ta nuna layi daga gefen murfin ta baya, da na zare koyil ɗaya ma na ga mai kwance a ramin fulogi. Oga, wannan zan iya da kaina?

Bakaniken Fanteka: Za ka iya, soket mai lamba 10 ne yawancin aikin. Sayi gaskit mai kyau, ka tabbatar har da zagayen ramukan fulogi. Cire kan batir tukuna. Goge bakin murfin da na injin su bushe, gam ɗigo biyu kawai za ka sa, a inda murfin taimin ya haɗu da kan inji, kada ka shafe ko'ina da shi. Wajen ɗaurewa ka fara daga tsakiya ka yi waje, a hankali, don ƙananan notuna ne, da ka matsa da ƙarfi sai su karye. Ka zare bawul ɗin PCV da ke jikin murfin, wato wanda ke fitar da iskar da ta taru a cikin inji, ka girgiza, in bai yi ƙara ba ya toshe, kuma toshewarsa tana tara iska a inji ta turo mai waje, sabon gaskit ɗin ma ba zai daɗe ba.

Mai tambaya: Alhamdu lillahi, na ɗaura ranar Lahadi, PCV ɗin ma na canza shi. Yau kwana huɗu kwalin yana kwana a bushe. Na cike man, zan sake duba geji in na dawo daga Zariya, in Allah ya yarda.