Awa bakwai a Barbados: in fita ko in zauna a filin jirgi?

Sabon ɗalibi, daga Katsina:
Assalamu alaikum. Wata mai zuwa zan tafi ƙasar Girenada, a yankin Karibiyan, karatun likitanci. Jirginmu daga Landan zai sauka a filin jirgin Grantley Adams na Barbados da azahar ranar Juma'a, ƙaramin jirgin da zai ƙarasa da ni kuma sai tara na dare. Yayyena da suka bi hanyar nan, don Allah me kuka yi da waɗannan awannin? Ana barin mai fasfo ɗin Najeriya ya fita?

Ɗalibi ɗan shekara ta uku:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Ana bari, Barbados ba ta neman biza a fasfo ɗinmu. Amma ka cika fom ɗin shiga ƙasa ta intanet tun kafin ka taso, katin rigakafin shawara da tikitin jirginka na gaba su kasance a hannunka. Ni an tambaye ni duka biyun.

Ka nufi Oistins. Garin masunta ne a bakin teku, kamar minti 15 a mota daga filin jirgi, kuma ka taki sa'a, daren Juma'a ake cika wurin da gashin kifi. Zuwana na farko ban fita ba, tsoro ya hana ni, na wuni a kan kujera ina kallon allo. A na biyu na hau bas na sauka daidai kasuwar kifi. Na tsaya ina kallon mata suna feɗe kifi mai tashi, wannan ɗan kifin da ke tsalle ya yi shawagi a kan ruwa, hannunsu kamar inji. Daga nan na taka kan gadar da kwale-kwale ke tsayawa, sai ga kunkurun teku suna tasowa neman tarkacen kifin da ake zubarwa. Wallahi gajiyar awa takwas da rabi ta cikin jirgi a nan ta sake ni.

Hajiya, mahaifiyar wata ɗaliba:
Ɗana, ni abinci zan ja maka kunne a kai. Na raka 'yata, muka yi irin wannan jira. Kifi ka ce a gasa maka a gabanka. In ka ji sun ce "dolfin" kada gabanka ya faɗi, wani kifi ne mai tsoka da ake kira mahi-mahi, ba dabbar nan ba. Akwai abincinsu da suke kira kuku, garin masara ne aka tuƙa da kuɓewa. Da na kai loma sai da na ce wa 'yata, ai wannan tuwonmu ne ya ƙetare teku. Kuma haka ɗin ne, kakannin yawancin mutanen tsibirin daga Afirka ta Yamma aka kwaso su a zamanin cinikin bayi. Na daɗe ina kallon fuskar matar da ta zuba mana, kamar wata maƙwabciyata.

Amma suna cin naman alade sosai, kuma ƙasar giyar rake ce. Duk abin shan da aka miƙo maka ka tambaya. Ni mobi na sha, jiƙon ɓawon itace ne mai zaƙi da ɗan ɗaci a ƙarshe, ba ya bugarwa.

Wani ma'aikacin jirgin ruwa:
Hajiya ta yi gaskiya. Ni kuskurena zan faɗa. Na ce sai na ga Bridgetown, babban birnin, na yi sallah a masallacin Juma'a da ke titin Kensington New Road. Na samu kuwa, Musulmin wurin yawancinsu 'yan asalin Gujarat ta Indiya ne, sun karɓe ni hannu bibbiyu. Dawowar ce ta zama aiki. Na faɗa cunkoson tashi daga aiki, tafiyar rabin awa ta ci fiye da awa ɗaya, na iso an kusa rufe kantar tantance fasinja. Kai da za ka sauka da azahar, Juma'a ta riga ta wuce ka. Ka haɗa azahar da la'asar, matafiyi ne kai. Alƙibla gabas take, ka ɗan karkata arewa.

Ɗalibi ɗan shekara ta uku:
Malam ya tuna mini da kuɗi. Dalar Amurka 1 dalar Barbados 2 ce, haka aka ɗaure ta, kuma suna karɓar ta Amurka amma canjinka da tasu za a ba ka. Kuɗin bas dala 3.50 tasu. Shuɗiyar bas ta gwamnati ba ta ba da canji, ƙananan farare da ake kira ZR suna bayarwa, sai dai gudu da kiɗa. Tasi ba ta da mita, ku yi ciniki kafin ka shiga, ka kuma tambaya da wace dalar yake magana. Ni na taɓa biyan ninki a kan haka.

Wata ma'aikaciyar jinya:
Abu uku. Kada ka sa wando ko hula mai zanen kakin soja, doka ta haramta wa farar hula a can, har yara. Sannan ka tabbatar tun daga Landan ko jakarka za ta wuce kai tsaye. Tawa ba ta wuce ba, na ja akwati biyu har bakin ruwan Enterprise, wanda suke kira Miami Beach, ɗan taku kaɗan daga kasuwar. Na zauna a kansu a inuwar bishiya na tsoma ƙafa a ruwa. Sai hannun tuƙi kuma: a hagu suke tuƙi, ka duba dama kafin ka tsallaka titi.

Sabon ɗalibi, daga Katsina:
Allah ya saka da alheri. Ke nan Oistins, in bar Bridgetown sai wani zuwan. Yaya, ƙarfe nawa zan baro wurin?

Ɗalibi ɗan shekara ta uku:
Rana na faɗuwa wajen shida, lokacin ne ake hura garwashi sosai. Ka ci kifinka da wuri, kafin layi ya yi tsawo. Shida da rabi ka kasance cikin mota, kuma a dawowa tasi za ka hau, ba bas ba.