Jajayen tsutsotsi sun mamaye tankin ruwan gishiri, me zai cinye su?

Jama'a, a taimaka da shawara. Tankin kiwon kifin ado ne mai lita 200, gishirinsa 1.025 (nauyin ruwan in an kwatanta da ruwa zalla), zafi digiri 25. Faffaɗan tsutsotsin nan jajaye, Convolutriloba, sun lulluɓe duwatsu da murjani, musamman inda ruwa ba ya gudu sosai. Ana zuƙe su da siririn tiyo duk mako, kwana uku sun dawo. Magani kuwa da haɗari, don in suka mutu gaba ɗaya gubarsu na kashe kifi.

Kifin wrasse mai layi shida da ke ciki ko kallonsu ba ya yi, sai faɗa. Ko wani kifin wrasse ɗin, Halichoeres chrysus, zai fi shi? Sai dai a cikin yashi yake kwana, yashin kuwa santimita 2 ne kacal. Chelidonura varians fa, wani irin dodon koɗin teku mai cin tsutsotsin nan, yaya ake hana famfon juya ruwa zuƙe shi, kuma me zai ci in tsutsotsin sun ƙare?