Shawarwarin masu gasa pain au chocolat a gida

Da masu gasawa a gida suka tattauna kan wannan burodin cakulan na Faransa, wanda mutanen birnin Bordo ke kira chocolatine, baki ya zo ɗaya a kan bota: lallai ta kasance da sanyi. Da zarar ta narke cikin kwaɓin fulawar, an rasa ɓawon nan da ke barewa falle-falle. A murza kwaɓin da botar a cikinsa, a ninka gida uku, a mayar firij minti 30, har sau uku.

Wasu sun ce ɗan koyo ya sayi kwaɓin da aka riga aka ninka. Ni ma na goyi bayansu.

Sanda biyu ta baƙin cakulan ta isa a naɗe cikin kowane burodi. A bar shi ya tashi inda babu zafi, a shafa ƙwai, a gasa a digiri 200 na Celsius, minti 15 zuwa 20.